Na Je Birnin Kebbi Neman “Da” Guda

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadar hirarmu ta samari ba. Da na zauna sai wani ya taɓo ni: “Habibu, yaya Najeriya? Wai gaskiya ne ekuter ɗin sa wa kunne da kas sawo har tahiyar kiyashi ana ji da shi?” Wani kuma da ya fi shi rashin kunya ya ce, “Bar zancen kiyashi, mi Ramatu tac ce?” Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya kai kasuwar Tibiri ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan daga farko, wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai rumfar cajin waya a Dumega. A ƙarƙashin teburina akwai kwali cike da littattafan soyayya na Kano, kuma ba na jin kunyar cewa a cikinsu na koyi yadda ake son mutum. Ramatu kuwa ita ce yarinyar da idan ta kawo wayarta caji nake sa ta a soket ɗin da ba ya wasa.

Bayan an gama girbin gero na sayi awarwaro uku sirara, na ba yayata Hassana ta kai mata. Na bi su da saƙon murya, wanda muke kira bokal, na ce idan ta ba ni izini zan turo Kawu gidansu. Washegari amsa ta zo. Sai dai a garinmu babu inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake da ƙarfi kamar tudun da injin niƙa yake, can duk ’yan mata ke tsayawa su yi bokal. Na sa waya a kunne, na ji muryarta:

“Habibu, ina wuni. Saƙonka ya iso. Na yad…”

Daidai nan inji ya ɗauka: da-da-da-da-da.

“…shi.” Saƙo ya yanke.

A littafi ana rubuta “na yarda da shi” daban, “na yar da shi” daban. Mu a Arewarmu ta Nijar duk biyun “yadda” muke cewa. Idan ta ce “na yadda da shi”, na yi mata. Idan ta ce “na yadda shi”, awarwarona suna cikin juji. Tsakanin aure da juji “da” guda ne, inji kuma ya zuba nasa a kai kamar da gayya.

Kawu Ɗanjimma, ƙanen mahaifiyata, shi ne zai je neman auren, kuma yana shirin tafiya ci-rani Kwatano. Ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, “Ɗana, in zuwa ne mu tahi kahin in wuce. In ba zuwa, kak ka sa in saka babbar riga in kwaso kunya.”

Na kai kukana wurin abokina Tanimu. Tanimu ba ya karanta komai, rayuwarsa wasan harbe-harbe ne na waya, inda ake kiransa Damisan Arewa. Ya saurara ya ce, “To ka buga mata ka tambaya mana.”

Na dube shi da tausayi. Budurwar garinmu ba ta maimaita irin wannan kalma, sau ɗaya kunya ke barinta ta faɗa. Idan yarda ta yi, na nuna mata cewa kalmar da ta fi kowace tsada ta wuce ta gefen kunnena. Idan kuma yarwa ta yi, me ya sa zan nemi in ji sau biyu? A duk littattafan da na karanta ban taɓa ganin saurayin da ya ce wa masoyiyarsa “Me kika ce?” ba.

“Laihin ekuter ɗinka ne,” in ji Tanimu. “Wanga ko jaki ya yi kuka ciki sai ka ce waƙa ce.”

Muka fara da kasuwar Tibiri. Mai faifan ekuter ya baza su kala-kala kamar zaren saƙa, kowanne ka ɗauka sai ya ce, “Wanga bas garai!” Bas ɗin kuwa akwai. Inji ya koma gangar biki, Ramatu ta koma kamar mai magana daga cikin randa. A nan ne Tanimu ya tuna da wani abokin wasansa na Birnin Kebbi da ake kira Guguwa, wanda bai taɓa gani ba. Guguwa ya gaya masa akwai wani irin ekuter da mawaƙa ke sawa a dandali, yana shiga cikin kunne ya toshe shi ruf, wayarsa ta zagaya ta bayan kunne. Da shi, in ji Guguwa, kana jin abokin gaba tun yana ɗaura takalmi. Na san Tanimu yana da tasa buƙatar, don kullum ta baya ake harbe shi. Amma ni ma ta baya aka harbe ni, sai muka ɗaura niyya.

“Ka dai ba ta amsa kahin mu tahi,” in ji Tanimu.

“In amsa abin da ban ji ba?”

Muka hau kabu-kabun Iro mu biyu, da buhun wake na wani a kan tanki. Iro mutum ne da ba ya iya tuƙi bakinsa a rufe, kuma ba ya yarda fasinja ya rufe nasa. Hanya yashi ce tsakanin karan gero. Ina kallon gonaki ina ayyana kaina a matsayin saurayin da ya bar gida domin masoyiya, sai babur ya kwanta da mu a gaban wata rugar Fulani. Matan suka fito suna mana sannu suna dariya a lokaci guda, wata ta ba mu nono mai sanyi. Ni dai wayata na fara dubawa kafin gwiwata.

Iyakar ƙasa, wadda nake zato ƙofa ce mai tsayi, ashe igiya ce aka ɗaura tsakanin gangar ƙarfe biyu. Wasu masu kaki biyu na zaune a inuwar bishiyar bedi, ɗaya dogo, ɗaya mai tumbi. Dogon ya karɓi katinmu ya ce, “Ina zuwa?”

“Ziyara,” in ji Tanimu.

“Kai hwa?”

Masoyi na gaskiya ba ya ƙarya. Na ce, “Neman ‘da’ guda.”

Ya cire tabarau. “Ɗa ya ɓace?”

Dole na yi bayani, bayani kuma ya kai ga sai ya ji da kunnensa. Ya saurara ya ce babu shakka “da” biyu ne. Mai tumbi ya karɓa ya saurara ya ce shi guda ya ji, kuma shi ya san mata, ya yi aure har sau uku. Dogon ya ce abin da ya sa suka kai uku ke nan, ba ya jin abin da suke cewa. Suka kaure da gardama har suka manta da buhun wake. Da za mu wuce suka ce lallai mu biyo ta nan da sakamako. Iro yana gefe yana sauraren komai, ya juya babur ya nufi Dumega da fara’a. Ban kawo komai a raina ba.

A ƙauyen farko na Najeriya na canja sefa, aka miƙo mini naira damƙi guda, har na ji kamar Alhajin cikin littafi. Kafin mu isa Argungu damƙin ya rame. Motar da muka shiga mutum huɗu ne a gaba, direba na tuƙi rabin jikinsa a waje. A Argungu muka ci tuwon shinkafa da kifi, kifin da ya fi tafin hannuna faɗi, ba irin busasshen da ake kawo mana ba. Shayinsu ne ya ba ni mamaki. Mu muna zama a kan shayi, a dafa na fari mai ɗaci, a yi na biyu, a yi na uku, hira na tafiya. Su kuwa mai shayi zai cika maka kofi kamar bokiti, ya tuttula madara, ya haɗa ka da burodi mai laushi kamar katifa, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Na tambayi wani yaushe suke hira, ya ce a cikin mota.

Birnin Kebbi ta karɓe mu da abin da na gudo wa. Kowane shago da janareto a ƙofarsa, kowane janareto yana cewa da-da-da-da. Na ce wa Tanimu garin nan duk sun ji labarina.

Kafin mu nemi Guguwa muka ce bari mu gwada sa’armu. Na tambayi wani mai rake inda ake sayar da ekuter. Ya ce, “Kwamfuta?” Tanimu ya gyara, ya ce, “Kas, na sa wa kunne.” Mutumin ya ce ai sai mu faɗa tun farko, ya nuna mana wani lungu. Muka bi lungun har ƙarshe muka tarar da mata masu sayar da kasko da tukwane. Ashe a can “iyafis” suke cewa.

Tanimu ya shafe hanya yana ba ni labarin Guguwa: dogo ne, in ji shi, mai faɗin kafaɗa, ka ji muryarsa ka san ya taɓa riƙe bindigar gaske. Da muka isa inda aka kwatanta mana sai muka ga shagon tela. Wani gajeren mutum mai sanƙo, da tabarau mai kauri da tef a wuya, ya ɗago daga kan keke.

“Salamu alaikum, Baba, muna neman Guguwa.”

“Kai ne Damisa?” Ya miƙe. “Kai ne ka gudu ka bar ni a bayan kwantena ranar Jumma’a, mutum uku a kaina!”

“Baba, rezo ne yat tahi!”

“Kullum rezo! Kuma kar ka sake ce mini Baba, a wasa ni ƙanenka ne.”

Suka rungume juna. Sunansa Malam Bala, yana da ’ya’ya mata har sun isa aure. Matarsa ta aiko mana da shinkafa da miyar yakuwa, ta ce a gaya wa baƙi su yi haƙuri da maigidan, ciwon waya ne ya same shi da girma. A shagon muka sauka, muka shimfiɗa tabarma tsakanin ɗinkunan mutane. Na yi matashi da shaddar wani ango, na ɗauki hakan alama ce mai kyau.

Da safe Malam Bala ya kai mu shagon Malam Nura, mai ƙofar gilas. Malam Nura matashi ne mai gemu da ɗangalallen wando, ya yi zaman koyon kasuwanci a Kano har bakinsa ya koma na can. A gefen shagon akwai benci, a kan bencin akwai samari huɗu da Malam Bala ya ce kullum suna nan, ba su taɓa sayen komai ba, amma babu abin kunnen da ya shigo garin ba su yanke masa hukunci ba.

“Na kiɗa kuke so ko na wasa?” in ji Malam Nura.

“Na wasa,” in ji Tanimu.

“Na magana,” na ce.

“To, ku sani ni ba na kunna kiɗa a shagona. A jikin kwali an rubuta na kiɗa ne, wannan ruwan masu kwali. In kun fita da shi, tsakaninku da Ubangijinku.”

Ya fara da leƙa kunnuwanmu kamar likita. Ya fito da ’yan robobi manya da ƙanana, ya ce idan roba ba ta toshe kunne daidai ba, ko na miliyan ka saya banza ne, ƙasan sauti zai zube ta gefe. Ya gwada mini ya ce kunnena na dama ya fi na hagu faɗi. Na shekara ashirin da wani abu ina yawo da su ban sani ba.

Maimakon kiɗa, abin gwajinsa uku ne: ruwan sama a kan kwano, karatun wani mai murya, da harbe-harben wasa. Ya ce sauti hawa uku ne. Akwai na ƙasa, mai dukan ƙirji. Akwai na tsakiya, inda muryar mutum take zaune. Akwai na sama, inda ƙarar cokali da “s” suke. Mai kyau shi ne wanda babu hawan da ya danne ɗan’uwansa.

’Yan benci suka matso. Na farko da aka sa mini baƙi ne mai nauyi. Ruwan sama ya zama kamar ana sauke buhuna daga mota.

“Wannan yana da ɗumi,” in ji ɗaya daga cikinsu.

“Ɗumi ina? Duhu gare shi.”

Na taɓa shi, ba zafi. Na duba, baƙi ne dai kam. Na biyu ja ne. A cikinsa duk “s” ɗin mai karatu sai da ta soke ni kamar an jefa albasa a mai.

“Ka ji haske!” in ji mai ɗumi.

“Bai dahu ba ne,” in ji wani mai hular sanyi. “Sabo ne. Sai an bar shi yana aiki kwana da kwanaki a cikin akwati, sannan ya nuna.”

“Kamar mangwaro?” in ji Tanimu.

Mai hular bai yi dariya ba. Ya fito da waya ya nuna mana wani zane mai tudu da kwari, ya ce wannan shi ne sautin, duk wanda ya iya karanta shi ba ya buƙatar saurare. Ni dai hanyar Dogon Kiriya na gani da damina. Na tambaye shi ko ya taɓa sa wannan ɗin a kunnensa, ya ce a’a, amma ya kalli wanda ya sa.

Tanimu ya so wani marar waya. Malam Bala ya buge masa hannu. “Wannan sai an binne ka sannan ƙarar harsashin za ta iso.”

Na uku garau yake kamar alewa, ana ganin ’yan kayan cikinsa. Da aka sa mini shi sai janareton duniya suka yi shiru. Ruwan sama ya sauka ɗigo-ɗigo, na kusa daban, na nesa daban, har na ɗaga kai in ga ko rufin yana yoyo. Tanimu ya karɓa ya shiga wasa. Muna kallonsa ya ce a hankali, “Mutum na bisa bene, hagu, shina saukowa.” Ya juya da ƙarfi da jikinsa duka, goshinsa ya gaisa da gilashin Malam Nura. Bai ko shafa ba. “Na kashe shi! Guguwa, na kashe shi tun bai gan ni ba!”

Sai aka zo kan abin da ya kawo ni. Na yi bayani a taƙaice, ’yan benci suka gyara zama. Malam Nura ya ja da baya.

“Muryar budurwa ce?”

“Da niyyar aure, Malam.”

Ya yi ɗan tunani. “To, domin gwajin kaya.”

Ya saurara, ya cire, ya dube ni. “Yadda me? Ai ba ta ƙarasa ba. ‘Na yadda’, yadda aka yi me?” Malam Bala ya ce masa wannan Kananci ne ke damunsa, a nan ƙasar “yadda” tana da aiki fiye da ɗaya. Ekuter ya zagaya benci, ana goge roba da auduga tsakanin kunne da kunne. Mai ɗumi ya ji “da” biyu. Mai duhu ya ji guda. Mai hular sanyi ya ce a bar saƙon ya kwana yana juyawa, da safe zai fito. Na huɗunsu ya ce ya ji bakwai, aka ce masa na inji ya ƙirga.

Malam Nura ya ce, “Malam Habibu, in gaya maka gaskiya ko da ba za ka saya ba. Waya tana matse irin wannan saƙo kafin ta tura shi, ta zubar da abin da ta ga dama. Abin da ta zubar a garinku ba ni da na’urar da za ta tsinto shi a nan.”

 Na karɓi ekuter ɗin na sa, ba don ina sa rai ba, sai don in ji muryarta yadda take sau ɗaya kafin mu koma. Na rufe ido, na daina farautar kalmar.

Sai ga ni tsaye a tudun inji. Injin yana gabana ta hagu. Can dama da nisa akuya na kuka. Wata mata na faɗa a kan an rage mata gari. Ramatu na tsakiya, kusa, har ina jin ta ja numfashi kafin ta kira sunana. Kuma dab da wayar, a hawan sama inda Malam Nura ya ce cokali ke zama, wani ɗan sauti siriri: ƙil-ƙil. Ya zo lokacin da ta ɗaga wayar, ya sake zuwa lokacin da ta sauke. Na san wannan sautin. Sau nawa na kaɗa su a kunnena kafin in ba Hassana?

“Suna hannunta!” Na yi ihu, don wanda ya toshe kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. “Awarwaron suna hannunta!”

Tanimu ya fizge ya saurara da kunnensa na Damisa. “Gaskiya ne. Kuma ga takun silifa nan daga hagu, mai nauyin dunduniya, babba ce. Innarta ce tah hito, shi ya sa ta yanke.”

Shago ya kaure. Mai duhu ya ce shi ma dama biyun ya ji, bai so ya yi gaggawa ba ne. Malam Bala ya zare tef daga wuya ya fara auna ni a tsaye. Malam Nura ya ce, “Allah ya sanya alheri. Ba a ragi.”

Layina na Nijar ba ya aiki a can. Malam Bala ya miƙo mini wayarsa ya ce in kira ta yanzu-yanzu. Na ƙi. Irin wannan amsa ba a bayar da ita ta wayar aro. Ana bayar da ita ne ido da ido, da yamma, cikin sabuwar riga da turare, iska na kaɗa gefen mayafi. Rigar kuwa sai da ta ɗauki kwanaki, domin telan da abokin tafiyata sun shiga wata gasa, keke na hutawa suna kashe mutane a kan tabarma.

Da muka biyo ta igiya, masu kaki suka taso tun daga nesa. “Nawa?” Na ɗaga yatsu biyu. Dogon ya yi rawa a gaban mai tumbi. Rezo ya dawo, wayata ta yi ta ƙara, amma duk saƙonnin masu neman caji ne, sai na Kawu guda: ranar kasuwa zai wuce. Daga Ramatu babu komai. Na ce kunya ce.

Na yi wanka, na sa riga, na fesa turare, na hau tudun inji da la’asar. A hanya wasu yara suka bi ni suna “da-da-da-da”, na yi musu murmushi don ban gane ba. Ramatu tana nan tsaye da kwano a ƙugu, awarwaro uku a hannu. Kuma Allah da ikonsa, man inji ya ƙare, wurin shiru kamar an share.

“Sannu da zuwa, mutanen Najeriya,” ta ce.

Na buɗe baki da jawabin da na tsara tun daga Argungu. Ta ɗaga hannu, ƙil-ƙil.

“Habibu, na hwaɗa maka maganar da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Na ga alama ta yi shuɗi, ka ji. Na jira, har Inna ta ce ko ciwo nike. Sai ga Iro mai kabu-kabu da labari, wai masu kakin iyaka suna gardama bisa muryata. Yanzu ko rijiya na tahi, yara na yi mini kukan inji. Mutum nawa sunka ji ni?”

Na fara lissafi a zuci, na ga benci, na bari.

“Ramatu, inji ne ya…”

“Gidanmu da rumfarka akwai iyaka? Akwai igiya?”

“Babu.”

“To buɗe kunnuwanka, inji ya mutu.” Ta zare awarwaron a hankali. “Na yadda shi.”

“Da” guda ne. Ban buƙaci roba ba, babba ko ƙarama. Suka faɗi a kan dandaɓar siminti, kuma zan iya shaida cewa biyu sun tsaya a gabana, ɗaya ya gangara dama ta wajen ƙafarta. Ta ɗauki kwanonta ta wuce. Matan da ke layi suka zuba mini ido har mai inji ya dawo da jarkar mai.

Kawu ya ninke babbar rigarsa ya wuce Kwatano. Ya ce in na koyi tambaya kafin damina, in aika masa.

Masu tambayar ko ekuter ɗin yana da kyau, yana da kyau. Ƙasansa ba ya danne murya, samansa ba ya suka, kuma yana gaya maka ta inda mutum ke zuwa. Yana wurin Tanimu, an daina harbinsa ta baya. Wanda zai saya ya gwada roba tukuna, kada ya saurari ’yan benci.

Ni kuwa awarwaro biyu na tsinta a ranar. Na duba ko’ina ban ga na ukun ba. Shekaranjiya Hassana ta ce ta ga kamar wani abu siriri na walƙiya a hannun Ramatu a bakin rijiya, amma mayafi ya rufe kafin ta tabbatar. Tanimu ya ce in samo bokal ɗinta ko na gaisuwa ne, ya saurara mini. Na ce masa guda ne ya rage, ba shi da abin da zai buga ya yi ƙara.

Don haka na je wurin mai inji da kaina. Na roƙe shi idan ya ga ta zo kuma ya ga na hau tudu, ya kashe mini inji na ɗan lokaci, ina da tambaya. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce zai kashe, ba sai na ba shi komai ba.

“Amma ni ma ina nan tsaye,” ya ce. “Ina son in ji.”